Rijiyar Bayan Tudu

Mijina Merv mutum ne mai wa'azin hanya. Tun da muka ajiye aiki, muka sayar da gidanmu na Port Augusta, muka sayi gida mai taya irin wanda ake ja da mota, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a zango sai ya sha karatu. Karatun kuma guda ne: in mota ta lalace maka a daji, kada ka bar wurinta. Masu nema daga jirgin sama suna hango mota, ba sa hango mutum.

Sai dai mai wa'azin nan shi ne ya danƙara wa gidan firiji biyu da janareta da akwatunan ƙarafa, ya ɗora kwalekwale a kan motar, alhali inda za mu ko kududdufi babu. Kuma a watan Fabrairu, tsakiyar zafi a ƙasarmu, lokacin da duk mai hankali yana kudu a bakin teku, mu muka nufi arewa, don 'yarmu Narelle ta kusa haihuwa a Alice Springs. Ya ce ya san wata hanyar ƙasa da take yanke.

Da la'asar allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Injin dizal ɗin yana nishi a cikin yashi, gidan yana jan mu baya. Merv ya kashe na'urar sanyi, ya kunna hita mai ɗumama mota har ƙarshe don ta zuƙe zafin injin. Iska mai ƙuna ta riƙa dukan ƙafafuna.

"Gasa ni za ka yi, tsoho?"

"Ke kina warkewa, Glenys. Inji ba ya warkewa."

Haka yake. Motar nan ya fi tattalinta a kan haƙoransa.

A gindin wani dogon tudu muka ji fas. Tururi ya tashi daga ƙarƙashin bonet, da wari kamar na sukari ya ƙone. Tiyon lagireto ya tsage. Merv ya naɗe shi, ya jira injin ya huce, ya juye jarka guda. Ruwan ya bi ta wani wurin ya tsiyaye, yashi ya shanye muna kallo. Ya sake juye wata, don taurin kai. Abin da ya rage mana bai kai rabin jarka ba, shi ma da zafi kamar shayi.

Waya ba sabis. Ya yi ta kira a rediyon mota, sai shuuu kawai.

Muka zauna a inuwar gidan. Ni da ma ƙuguna na ƙarfe ne tun da likitoci suka yi mini aiki, sai da sanda nake tafiya, yashi kuwa haɗiye sanda yake. Ƙudaje sun rufe bayan rigar Merv baƙi ƙirin, muna ta kore su daga baki da ido. Ƙarfen injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa. Ban da wannan ba motsin komai.

Rana ta yi ja lokacin da na ga mutumin.

Ta gefen tudun ya sauko, a ƙafa. Dogo, da hula mai faɗi da gajeren wando, irin masu aikin garken shanu. Ya tsaya nesa kaɗan, bai shigo inuwar ba.

"Ta yi zafi ne, aboki?" Muryarsa a shaƙe, ƙasa-ƙasa.

"Tiyo ne," in ji Merv. "Daga ina haka?"

"Akwai rijiya a bayan tudun nan. Mai farfela, iska ke jawo ruwan. Ruwa sanyi ƙalau. Ɗauko jarkarka."

Na buɗe baki zan ce babu rijiya a taswira, sai na ji ta. Ƙiii, ƙiii, kukan farfela tana juyawa, alhali ko ganye ba ya motsi. Sannan ƙarar ruwa yana zuba a tanki. Har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zo mini, maƙogwarona ya motsa da kansa.

Na sake duban mutumin. Leɓɓansa sun tsattsage, sun yi baƙi. Ba gumi a jikinsa. Kuma babu ƙuda ko ɗaya a kansa. A wannan daji, a wannan wata, ba a yi mai rai da ƙuda zai ƙyale ba.

"Merv," na ce a hankali. "Ba a barin mota."

"Nan ne fa, tsohuwa. Ba ki ji ba?"

"Kai ka koya mini."

Bai dube ni ba. Ya ɗauki jarka. Na cafki rigarsa, ya zame kamar bai san hannuna ba.

Suka kama hawa, mutumin a gaba.

Ina kallo ƙudajen suka tashi daga bayan Merv gaba ɗaya, suka dawo kaina.

Na kira sunansa. Na kira na Narelle, na ce jikanka fa. Na yunƙura na bi shi, sandar ta nutse, na faɗi a kan gwiwa. Yashin ya ƙona mini tafin hannu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in ya haye tudun nan na rabu da shi ke nan.

Da rarrafe na kai ƙofar motar. Na danna hon. Na sake dannawa. Ko waiwaye.

Merv ya kusa ƙoli. Kansa kawai da kafaɗu nake gani a cikin jan hasken.

Makulli yana jiki. Na murɗa.

Injin ya tashi, babu ɗigon ruwa a cikinsa. Na taka totur har ƙasa na riƙe. Ya yi ruri. Allura ta haye ja ta manne. Warin mai da roba ya cika motar. Sai ya fara ƙwanƙwasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan tukunya da guduma.

Merv ya tsaya.

Mutumin ya juyo, ya miƙa masa hannu.

Ban ɗaga ƙafata ba. Ina kuka ina takawa.

Sai ga Merv ya yar da jarkar, yana gangarowa da gudu, yana faɗuwa yana tashi. "Kashe ta! Kin haukace ne? Za ki kashe mini inji!"

Kafin ya iso injin ya yi wata ƙara ya ɗauke. Na rungume wuyansa ta taga, na ƙi saki. Jikinsa sanyi kamar wanda ya fito daga firiji.

Kukan farfelar ya tsaya. Mutumin yana nan a kan tudu, yana kallonmu, har duhu ya rufe shi.

Washegari da hantsi wani mai duba shingen garke ya same mu. Na tambaye shi rijiya. Ya ce bayan tudun nan fakon gishiri ne, tafiyar kwana da kwanaki. Ya ƙara da cewa mu ne na farko da ya tarar a wurin tare da motarsu. Sauran, motar kawai yake samu.

Yanzu gidan yana ajiye a bayan gidan Narelle, an cire masa tayoyi. Motar an sayar wa masu gwangwan. Merv yana cin abinci, yana ɗaukar jikarsa, amma ya daina wa'azi, kuma duk ruwan da ya sha ba ya kashe masa ƙishi. In rana ta yi ja sai ya je bakin shinge ya tsaya, ya karkata kai kamar mai saurare.

Jiya ya ce mini, "Na gani da idona fa, Glenys. Ruwan yana nan. Saura taku kaɗan."

Na riƙe hannunsa har gari ya yi duhu. Hannun kawai nake da shi yanzu, ba ni da wani injin da zan kira shi da shi.