Hujin da Attilio Ya Toshe

Gidan Attilio a bayan garin Modena na ƙasar Italiya yake, sama wurin kwana, ƙasa wurin walda. Tun zamanin ubansa suke haɗa ƙwarangwal ɗin motocin tsere da bututun ƙarfe, wasu su saya su ɗora inji. Yanzu manyan kamfanoni sun kwashe masu saye, saura ƙwarangwal ɗaya tal, wanda 'yarsa Ornella ta zana da hannunta. In ya ci tsere, gidan ya farfaɗo.

Duk mai walda ya san ana barin ɗan huji a bututu don zafi ya fita, sai ya huce a toshe. Attilio, sarkin gaggawa, ya bi hujojin ya toshe su da magariba, lokacin da ubansa bai taɓa yarda a taɓa ƙarfe ba.

Suna cin taliya sai notin ƙarfe ya faɗo cikin kwanon matarsa Nives. Wani ya biyo baya, da zafinsa. Daga ƙasa kuma aka fara ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali. Ornella ta ajiye cokali, ta sauka, ta rungume ƙwarangwal ɗin. Kwanaki ta yi a haka, ba ci ba magana, sai rama.

Nives ta ce, "Za ka kira Fada, ko sai an auna mata akwatin gawa?"

Don Ermete, tsohon fadan coci mai zurfin karatu, ya zo da yamma, ya yi ta addu'a har duhu ya shigo. Sannan ya ce, "Wa ke nan?"

Muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. "Mun riga kakansa zama a nan. Ɗana ya shiga bututu jin ɗumi, wannan ya rufe shi. Ya riƙe nawa, na riƙe tasa."

"Wane bututun?"

"Da na sani, zan tsaya surutu da ku?"

Attilio ya ce, "Baba Fada, roƙe ta in sake huda su kawai. Huji ba ya kashe mota."

"Ya kumbura da kuka, ba zai fita ta huji ba," in ji muryar. "A yanka, in ɗauki abina in tafi."

Attilio ya ɗauko zarto. Ya yanka bututun gaba, ba komai. Ya bi na gefe ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Sai a bututun bayan kujerar direba wata iska mai ɗumi ta fito ta shafi fuskarsa. Ƙwanƙwasar ta tsaya. Motar kuwa ta riga ta zama tarkace.

Ornella ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe ido, ba ta tuna komai ba. Ta dubi tarkacen, ta dubi zarton da ke hannun ubanta.

"Baba, me na yi maka?"

An faɗa mata, ba ta yarda ba. Ta koma aiki wani kamfani a Turin, gidan walda ya mutu. Har Attilio ya rasu ba ta sake taka gidan ba, shi kuwa kullum yana godiya tana raye.