Maman Faranti

Ranar da akwatin ɗumi ya lalace a ɗakin bincike, ranar Injiniya ya fara ganinta. Tana tsaye cikin farar riga, idanu jajur, ta rungume wasu 'yan farantai kamar mai jego.

"Don Allah ka yi sauri," ta ce. "In suka yi sanyi, aikin wata bakwai ya tashi a banza."

"Su wa?"

"Ƙwayoyin halitta ne. Daga fatar mutum aka ɗebo su, ina lallaɓa su su zama tsokar zuciya. Digirina na uku a kansu ya rataya."

Ya gyara akwatin, ya leƙa farantin, bai ga komai ba sai wani ruwa ja-ja. Tun daga nan ya laƙaba mata Maman Faranti. Kowace safiya sai saƙonsa ya shigo: "Maman Faranti, yaran sun karya? Babansu na gaishe su." Ita kuwa ta yi ta murmushi ita kaɗai.

To, ƙwayoyin nan ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Kullum sai an sauya musu ruwan abincinsu. Da maganar aure ta taso tsakaninsu, ranar da za ta je gaida Umma, mahaifiyarsa, abokiyar aikinta da ta yi alkawarin riƙe mata su ta kwanta rashin lafiya. Baiwar Allah ta zauna ta ciyar da su, Umma kuwa ta yi ta zaman jira har la'asar.

"Ni za ta shanya saboda faranti?" in ji Umma. "Wannan aure ba da ni ba."

Kwana tara Maman Faranti tana kuka tana aiki. Ran na goma ta duba madubin ƙara girma, sai ta ga abin da ta daɗe tana jira. Ta rubuta masa: "Injiniyana, kawo min Umma. Minti biyar kawai."

Umma ta zo fuska a murtuke. Aka sa mata farar riga da safar hannu, ta sunkuya ta kafa ido a madubin. Can sai ta dafe ƙirji.

"Subhanallah! Motsi suke! Bal, bal, bal… Ke 'yar nan, wa ya ce su buga?"

"Ni dai abinci nake ba su, Umma. Sauran ikon Allah ne. Fatanmu wata rana a taimaki zuciyar da ta gaji da irinsu."

Ita Umma, ciwon zuciya ne ya ɗauke mata miji. Ta sake leƙawa, ta daɗe, sannan ta share ido da gefen mayafi.

"Sun ci abinci yau?"

Ranar ɗaurin aure, da ƙawaye suka tsare amarya da kwalliya, Umma ce ta ɗaga murya: "Ku sakar min 'yata ta je ta ciyar da jikokina tukuna!"

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka a hannun nan nata.