Ƙwaƙwalwa a Cikin Gorar Ruwa

Ku matso, ku matso, wannan da zafinsa na ɗauko muku!

Yayar ƙawata, wadda muke ce wa Anti Mai Hoto, aikinta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a asibiti. Za a tura mutum cikin wata na'ura kamar ƙatuwar ganga, a ɗaura masa ɗan faranti mai zafi a hannu. Da zafin ya ratsa shi, sai wani gefen ƙwaƙwalwarsa ya yi ja a allo. In ya kasa jurewa, ya matsa 'yar robar da aka ba shi, ƙararrawa ta yi ƙara.

Kullum kafin a tashi takan ɗora gorar ruwa a gadon na'urar a madadin mutum, ta gwada ta. Farantin kuwa, don sauri, a kunne take barinsa. Wa zai ƙona?

To, shekaranjiya dab da magariba, daga ita sai Iya mai shara. Na'ura na ta ƙwam, ƙwam, ƙwam. Hoto ya fito.

Ba gora ba ce. Ƙwaƙwalwa ce, ta yi jawur.

"Iya," ta ce ƙasa-ƙasa, "kin ga wani ya shiga?"

"Ɗakin da ko da ɗan kunne kin hana ni shiga, wai na'urar na jan ƙarfe? 'Yar nan, tashi mu tafi."

Sai ƙararrawa.

Ga robar can kan gado, tana lotsawa ita kaɗai.

Anti ta danna maɓallin kashewa. Ya ƙi. Ta sake. Jan sai ƙaruwa yake. Ƙauri ya tashi, kamar ana babbaka gashi.

Ta ruga ciki ta cire farantin. Sai wani abu mai sanyi ya damƙe mata wuyan hannu, ya manna tafinta a kai.

Ta ja. Ko motsi.

Ta buɗe baki. Ba murya.

Daga cikin gangar aka raɗa: "Wata bakwai. Kullum kina ƙona ni."

Iya ce ta fizgo ta da riga, suka zube a bakin ƙofa.

Tafin ya saluɓe, amma wallahi ba ta jin komai. Jiya likita ya sa ta a na'urar yana tsira mata tsinke. Allo fari fat, ko ɗigon ja babu.

Amma duk tsirawa ɗaya sai ƙararrawa ta yi ƙara. Robar kuwa tana aljihun likita. To, wa ke jin zafin?