Naira Mai Layi Biyu

Aisa ta shigo shagon kwamfutar Huzaifa da ke kusa da sakatariyar Dutse ne don a buga mata takardar liƙa wa kwalaben turarenta. Ya buga, ya miƙa mata. Ta duba, ta ɗan yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai N ce tsirara. Ina layukan nairar?"

"Haka kowa ke bugawa, Hajiya."

"Babana ba haka yake bugawa ba."

Ta ɗauki biro ta ja layi biyu da kanta, a miƙe, gwanin sha'awa. Huzaifa ya bi hannun da kallo, har ya manta bai ba ta canji ba. Tun ranar yake kiranta Nairata, har magana ta kai ga neman aure.

Baban nata, Malam Aji, ya yi aikin buga tafireta a sakatariya har ya yi ritaya. A wajensa kwamfuta wasan yara ce. Ga kuma Muntaka, ma'aikaci mai albashi, shi ma yana ta sintiri a ƙofar gidan saboda Aisa.

"Na'urar da ba ta san kuɗin ƙasarmu ba ce za ta ciyar min da 'ya?" in ji Malam Aji, da Huzaifa ya je gaisuwa. "Ni N nake bugawa, in koma baya, in ɗora mata layi biyu."

"Ta sani, Baba. Ku zo ku gani."

Huzaifa ya riga ya bincika. Kowane harafi na duniya yana da lambarsa a cikin kwamfuta, kuma naira ma an ba ta tata: 20A6. Malam ya zo shagon, Muntaka na biye. Huzaifa ya buga lambar, sai wani ɗan akwati fayau ya fito a allo. Muntaka ya yi dariya har da riƙe ciki.

Washegari shagon ya wuni a rufe. Aisa ta yi kuka sosai, ta ɗauka kunya ce ta kore shi. Ta ari wayar yayanta ta rubuta:

"Idan ka haƙura da ni, ka faɗa min da bakinka."

Amsa ta zo nan take:

"Nairata, ina Kano. Lambar daidai take, salon rubutun injina ne bai san kamanninta ba. Na samo salon da ya san ta. Ki roƙar min Baba ya dawo."

Da ƙyar Malam Aji ya dawo. Wannan karon Huzaifa ya tashi ya ba shi kujerar.

"Baba, hannunku ya fi nawa sanin aikin. Ku buga da kanku."

Tsofaffin yatsun suka hau maɓallan kamar jiya suka bari. Sai ga ta: ₦, da layukanta biyu cif. Malam ya matso da tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah! Ashe ba su manta da mu ba." Ya juyo. "Yaro, don wannan ka tafi har Kano?"

"Don Aisa na tafi, Baba."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, dangi daga Haɗeja da Ringim suka cika unguwa da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Katin gayyatar kuwa, Malam Aji ya hana kowa taɓawa. Shi ya buga shi da hannunsa, a kwamfutar surukinsa.