Amanar Ma'aikaci na Bakwai

Guga take yi a falo, tana ta fama da wuyan rigar da ya ƙi kwanciya, mijinta kuwa yana miƙe a doguwar kujera ba abin da yake yi sai tsokana.

"Dakta! Gobe i yanzu ai kin fi ƙarfinmu."

"Injiniya, don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni."

Shekaru ta kwashe tana bincike a jami'a kan tambaya ɗaya: me ya sa wasu kamfanonin iyali a ƙasashe masu tasowa suke bunƙasa, wasu kuma su durƙushe tun mai su yana raye? Cikin kamfanonin da ta zagaya har da kamfanin katifa na mahaifin mijinta. Baba da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya ce wa ma'aikata, "'Yata ce, ku gaya mata duk abin da take so." Kowa ta zauna da shi sai ta fara yi masa alkawarin cewa sunansa ba zai taɓa fita daga bakinta ba, lamba kawai za ta ba shi. Mijinta, wanda 'yan gidansu suke kira Auta, shi ke kula da injinan kamfanin, kuma shi ne ma'aikaci na bakwai. Ranar da ta yi masa intabiyu ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa a rai.

Washegari, ranar da za ta kare bincikenta na digirin dakta, zauren jami'a ya cika. Baba yana layin gaba cikin sabon ɗinki, baki har kunne, kusa da shi Babban Yaya, wan mijinta kuma manajan kamfanin. Ta yi bayani tiryan-tiryan: kamfanin da ke sauraron ma'aikatansa, yana sauya dabara idan kasuwa ta sauya, shi ke daɗewa. Sannan ta haska misali a bango, ta karanta:

"Ma'aikaci na bakwai, a wani kamfani: 'Abokan gasarmu suna kai kaya har gida, suna yin katifar masu ciwon baya. Mu kuwa duk shawarar da ka kawo, amsar mai gida ɗaya ce: haka na fara, haka zan ƙare.'"

Zauren ya kwashe da dariya. Kaico! Ta ɓoye sunan kamfani, ta ɓoye sunan mutum, amma ta manta cewa kalmar nan duk wanda ya san Baba ya san tasa ce. Ta hango murmushinsa ya ɗauke, ya sunkuyar da kai. Tun kafin ta kammala a tafa mata, ya tashi ya fita.

Da yamma aka tara iyali a babban falon gidan.

"Ni za ki kai gaban jama'a a yi wa dariya?" in ji Baba. "To, na yafe miki, yarinta ce. Amma ki faɗa mini wanda ya yi maganar."

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, na yi kuskure, ka gafarce ni. Amma suna kam ba zan iya faɗa ba. Amana aka ba ni."

"Amana?" Babban Yaya ya yi tsalle. "Munafuki yana cin albashinmu yana zagin mahaifinmu, ke kina kare shi? Auta, kana ji kuwa? Ka yi wa matarka magana!"

Ta ɗago ido ta dube shi. Injiniyanta, mai surutun da ba ya ƙarewa, ya ƙura wa kafet ido kamar yau ya fara ganinsa. Ya san halin mahaifinsa: wanda ya saɓa masa a kan kamfani, ko ɗansa ne, ya bar aiki ya bar gida.

"Ki je gidanku," in ji Baba. "Ranar da kika tuna sunan, ki dawo."

Mijinta ne ya kai ta a mota. A hanya ya fara ba ta haƙuri.

"Sori, Dakta... ki ba ni ɗan lokaci, filis. Idan ya huce zan—"

"Ban ce ka faɗa ba," ta katse shi. "Alkawarin da na yi wa kowa shi na yi maka. Abin da ya ƙona mini rai, ko 'a yi mata haƙuri' ba ka iya cewa ba."

Zaman gida ya yi mata ɗaci. Ta rame, ta yi baƙi. Takardar shaidar digirinta ta zo, ko buɗe ambulan ɗin ba ta yi ba, ta tura shi ƙarƙashin akwati. Mahaifiyarta ta yi lallashin, ta yi faɗan.

"Ke wace irin yarinya ce? Aurenki za ki kashe saboda wani ƙato can da ba ki haɗa komai da shi ba?"

"Mama, ki taya ni da addu'a kawai."

Mijinta yana kira kullum, tana ɗauka, su gaisa kamar baƙi. Tana sonsa, wannan ba ta taɓa musu ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Babban Yaya kuwa bai zauna ba. Da ya rasa wanda zai kama, sai ya ɗora laifin kan dattijon da ke yanka soso, don an san shi da yawan ƙorafi. Aka sallame shi, mutum mai iyali, ba ko sallamar arziki. Ranar da labari ya iso mata, ita ta kira mijinta.

"Injiniya, ni zan iya jure nawa. Amma yau an kori bawan Allah saboda maganarka da kuma shiruna. Har yanzu ba zan faɗa ba. Sai dai ka sani, idan ka iya barci a kan wannan, ni ban san wanda na aura ba."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta.

Da safe Auta ya sami mahaifinsa a ofis, Babban Yaya na gefe. Ya durƙusa.

"Baba, ni ne ma'aikaci na bakwai. Ni na faɗa, kuma har gobe ina ganin gaskiya ce. Tsoronka ya hana ni faɗa maka ido da ido."

Baba ya dube shi. "Ta san kai ne?"

"Tun farko."

"Ta bari na kore ta, kai kana zaune kana kallon ƙasa?" Ya cire tabarau ya goge ido. "Ashe har ɗan cikina sai ya ɓuya a bayan lamba kafin ya iya gaya mini gaskiya."

Baba da kansa ya je gidan iyayenta. Ta durƙusa za ta gaishe shi, ya ce, "Tashi, 'yata. Da kin faɗa a ranar nan, wallahi ɗana zan kora, kuma da na mutu da nadama. Ɗauko binciken nan naki, ki karanta mini shi tun daga farko. Ban tsaya na ji ƙarshensa ba."

Ta koma ɗakinta. Kamfani ya fara kai katifa har gida, ya soma farfaɗowa a hankali. Amma dattijon nan da aka je ba shi haƙuri ya ƙi dawowa, ya riga ya sami aiki wurin abokan gasarsu. Har yau idan aka ambace shi, Auta ba ya iya haɗa ido da kowa.

Wata rana ya same ta tana guga, ya karɓi dutsen daga hannunta.

"Dakta, kin yafe mini?"

"Na yafe. Amma nan gaba idan za ka faɗi gaskiya, ka faɗe ta da sunanka."

'Yan uwa, haƙurinta da riƙon amanarta sun dawo mata da aurenta da mutuncinta. Amma ku lura da kyau: duk gida ko kamfanin da ake tsoron faɗa wa babba gaskiya, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke fara shan wahala.