Muryar Kawu Tanimu

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Kai Nafi'u, kana dariya ko? Za mu ga wanda zai raka ka bayan gida anjima.

Kun san Kawu Tanimu da ba ya magana. To ba haka aka haife shi ba. Da can duk garin nan babu mai haɗa sifika kamarsa. Shi zai yanka katako, ya zaɓi babbar sifika mai gurnani da ƙarama mai siririn sauti, ya haɗa ɗan allon da ke raba wa kowace rabonta.

Wata tsakar rana layin shagunan ya yi tsit, shi kaɗai yana narka dalma. Sai ga wani dogon mutum a bakin ƙofa. Ya yi sallama, amma muryar biyu ta fito. Gurnani daga ƙasa, wani siririn fito daga saman kansa. Tsakaninsu babu komai.

Kawu ya ajiye dalmar.

"Sifika nake so," in ji mutumin. "Ta ƙasa ina da ita. Ta sama ina da ita. Tsakiya za ka haɗa mini."

"Tsakiya ai nan muryar mutum take," in ji Kawu.

"Na sani."

Kawu ya so ya ce ya tashi aiki, bakin ya ƙi. Hannunsa ya ɗauko waya yana naɗawa, shi kuwa yana kallo kamar hannun wani. Ya cire gurnanin, ya cire siririn, ya bar tsakiya zalla.

"Gwada," in ji mutumin.

Mai haɗa sifika ba ya sakin aiki sai ya gwada da bakinsa. Kawu ya ɗauki makirfo ya ce, "Gwaji, gwaji." Ya buɗe baki zai sake, iska kawai ta fito.

Mutumin ya saɓi akwatin sifikar a kafaɗa. "Na gode," ya ce, da muryar Kawu sak.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti. Shiru.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne Ladiyo, 'yarsa, lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Da almuru suna zaune a tsakar gida, sai aka kira daga bayan katanga, "Ladiyo, zo mana." Yarinya ta miƙe da gudunta. Kawu ba shi da bakin cewa tsaya. Da ƙyar ya cafke ta a zaure, tana fizge-fizge tana kuka.

"Sake ni, Baba na kirana."

Shi kuwa yana rungume da ita, hawaye na zuba, ba yadda zai ce mata shi ne Baban.

Har yau muryar na zagayawa, kuma ta san sunayenmu duka. Kada wanda ya bi bayan katangar nan shi kaɗai. In kun ji Kawu ya kira ku, ku leƙa zaure tukuna. Za ku same shi zaune, bakinsa a rufe.