Turken Iyaka da Rijiyar Madugu

Igiyar guga na hannun Hindatu lokacin da ta hango dogarai biyu sun taso Lawwali a gaba, hannuwansa ɗaure ta baya. Ba ta san sa'ad da ta saki igiyar ba.

"Mi ya yi?" ta tambaya.

"Turken Nasara ya tumɓuke," in ji wata mata. "Cikin rumbunshi anka ishe shi."

Lawwali ya waiwayo, leɓensa a fashe.

"Kada ki yi kuka, Hindu. Wallahi ban taɓa shi ba..."

Dogari ya ingiza shi, suka wuce.

A shekarar ce Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka tsakanin Illela da Ƙwanni, suka bi daji suna kafa turaku. Ɗaya ya faɗo daidai bakin rijiyar da mahaifin Hindatu, Madugu Maccido, ya haƙa wa gari, rijiyar ta koma ƙasar Faransa da taki goma. Shekara talatin Madugu ya yi yana jan ayari zuwa Gwanja kafin ya ajiye sanda. Tun daga nan ba shi da aiki sai na gida da na jama'a, ya ciyar da baƙo, ya sasanta masunta da manoma a Kalmalo, ya aurar da marayu. Lawwali kuwa shi ya riƙe wa Turawa sarƙar awo, don ya san dajin. Shi ya sa da ya zo neman Hindatu, Madugu ko tabarma bai ba shi ba.

Hindatu ta bar tulunta ta nufi gida. Ta san wanda ya yi. Da sassafe ta ga Maharazu, ɗan ƙanen mahaifinta da ya daɗe yana sonta, yana kora jaki da wani dogon abu naɗe a tabarma, ya bi ta bayan gidan su Lawwali.

Ta sami tsohon a zaure yana jan carbi. Ta durƙusa ta faɗa masa duka.

Carbin ya tsaya.

"Wa kika gaya ma?"

"Ba kowa, Baba."

"To ki haɗiye ta."

"Baba..."

"Uban Maharazu bisa cinyata ya cika, a hanyar Gwanja. Amanarshi ya bar mini. Ni zan miƙa shi ga Nasara da hannuna?"

"Shi Lawwali ba ɗan kowa ba ne?" Hawaye suka zubo mata. "Sakkwato za su kai shi. Baba, kai ka hana Sarkin Ruwa cin gonar gwauruwa, kana cewa gaskiya ba ta da dangi. Ko a gidan wasu kaɗai take haka?"

Ba ta taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ta sunkuyar da kai tana jiran mari.

Bai mare ta ba. Ya aika aka kira Maharazu.

"Kai ka cire turken?"

Maharazu ya harari Hindatu, sannan ya zube.

"Don kai na yi, Baffa. Rijiyarka ce sunka ƙwace."

"Na ji. Rumbun Lawwali fa? Shi ma don ni?"



"Baffa, ɗiyarka ce ka so ba bare..."

"Ban ba shi ba. Kai ma ban ba ka ba. Tashi ka sa riga."

Ƙofar hakimi ta cika maƙil. Bature na zaune a kujerar tafi-da-gidanka, tafinta tsaye a gefensa, Lawwali a ƙasa cikin rana. Da Madugu ya iso da Maharazu, jama'a suka dare, suka ba shi hanya. Ya yi gaisuwa, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita.

Hindatu ta ja mayafi ta fito daga cikin mata.

"Ranka shi daɗe, ni na gani da idona."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Budurwa, gaban maza, a kan ɗan'uwanta. Wata gwaggonta ta ce tir. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe, jaki da tabarma da hanyar da ya bi.

Hakimi ya dubi tsohon. "Madugu, mi ka ce?"

"Gaskiya ta faɗi," in ji shi a hankali. "Ɗana ne, ni na rene shi. Ga shi nan."

Aka kwance Lawwali, aka yanke wa Maharazu wata uku a Sakkwato. Madugu da kansa ya ɗaure masa guzuri, ya yafa masa bargonsa, ya raka shi har bayan gari. Uwar Maharazu ta rantse ba za ta sake taka gidan ba, kuma ba ta sake ba.

Kwana uku tsohon bai fito zaure ba. A na huɗu ya aika wa Lawwali. Hindatu ta laɓe a bayan zana.

"Mi ya kai ka riƙon sarƙar Nasara?"

"Baba, ta tsakiyar gari sunka so jan iyakar. Da masallaci da kasuwa sun rabu biyu. Kwana biyu ina roƙon tafinta kafin su kauda ita. Gari ya tsira, rijiya ce na kasa cetowa."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"Ba a ba ni wurin zama ba."

Madugu ya gusa, ya buɗe masa gefen buzunsa.

"Zauna. Ran Jumma'a ka turo magabatanka. Wata rijiyar kuma za mu haƙa, kai za ka fara sara."

Da zai tafi, Lawwali ya rage tafiya a jikin zana, kamar ya san tana nan.

"Hasken idona," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin tsaya gaban Nasara da hakimi sabili da ni?"

"Sabili da gaskiya dai."

"Ita kaɗai?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Da kai... kaɗan."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Ƙafafuna rawa sunka yi ta yi."

"Ni ban gani ba."

"Zane ya rufa mini asiri," ta ce, tana dariya tana share hawaye. "Tahi, kada Baba ya sake shawara."